Shawak da Kogin Atbara: Masu Lura da Sauyin Yanayi da Masu Yanke Hukunci

Garin Shawak, hedikwatar ƙaramar hukumar Fashaga a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, yana bakin kogin Atbara ne, a kan babbar hanyar mota da ta taso daga Gadarif ta nufi Kassala, kusa da inda Atbara ya haɗu da Setit, waɗanda dukansu daga tsaunukan Habasha suke gangarowa da ruwa da laka mai yawa. Jama'ar yankin da dama abincinsu yana rataye ne a kan abin da kogi da daji suka bayar a lokacinsa: akwai masunta, da masu lambu a gaɓar kogi, da masu tsagar ƙaro, da makiyayan raƙuma da tumaki, kuma Hausawan da kakanninsu suka yada zango a kan hanyar hajji har suka zauna suna da hannu sosai a su da noman gaɓa. Ga irin waɗannan mutane, sauyin yanayi, wato canjin da ake samu a yawan ruwan sama da zafi da lokutan shigar damina da fitarta a tsawon shekaru masu yawa, yana zuwa da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce wa yake lura da canjin yana rubuta shi, ta biyu kuma ita ce lurar wa take isa wurin da ake yanke hukunci a kan ranar buɗe ruwa, da faɗin burtali, da itacen da za a sare da wanda za a bari. Matsayin matasa a wannan al'amari ya fi dogara ga amsar tambaya ta biyu, kuma tarihin al'ummar Inuwit ta ƙuryar arewacin duniya, wadda ta yi nisa a kan wannan hanya, yana taimakawa wajen ganin dalili.

Lura da yanayi tsohon ilimi ne a gabashin Sudan. Manoma da makiyaya suna lissafin damina da taurari, a kan tsarin manzili 28 da kowannensu yake ɗaukar kwana 13, ban da guda ɗaya mai kwana 14, kuma tsarin nan shi ne wanda malaman ƙasar Hausa suka sani da sunaye irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, ta yadda Bahaushen da ya iso Gadarif bai tarar da baƙon lissafi ba. Kogin ma yana da nasa jadawalin da aka saba da shi tun kaka da kakanni. Kafin madatsu, Atbara kogi ne na lokaci, wanda yakan cika ya tumbatsa daga Yuli zuwa Satumba, sannan ya janye har ya tsinke ya koma gurabe a cikin rani. Idan ruwa ya soma janyewa, masu lambu sukan bi bayansa suna shuka a kan sabuwar lakar da ya bari a gangaren gaɓa, noman da ake kira juruf a Sudan, masunta kuma sukan koma ga guraben da kifi ya taru a ciki, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. A al'adar su ta Hausawa, gurbi yana da mai kula da shi da ranar buɗe shi, kamar yadda aka sani a Argungu inda ake hana taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da masu ruwa suka ba da izini, kuma hikimar da ke ciki ita ce a bar kifi ya girma kafin a kwashe shi.

Tsagar ƙaro ta fi nuna irin zurfin da wannan ilimi yake da shi. Itacen ɗakwara, wanda mutanen Sudan suke kira hashab, ba a tsaga shi sai damina ta ɗauke ganyensa ya soma rawaya yana zuba, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Mai tsaga yakan zo da ƙaramin gatari ko wani ƙarfe mai dogon ƙota da ake kira sonki, ya soka shi ƙarƙashin ɓawon reshe ya yage siririn tsiri, yana kiyaye kada ƙarfen ya ci naman itacen, sannan ya tafi ya bar wurin har wajen mako shida kafin ya dawo tsinkar farko, lokacin da ruwan da ya tsattsafo ya daskare ya zama dunƙule mai ɗaukar ido. Wanda ya yi gaggawar tsaga alhali itacen yana jiƙe ya yi asarar shekararsa, wanda ya wuce gona da iri kuma ya kashe itacen. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wannan aiki yana riƙe da tarihin fitar damina a kansa, shekara bayan shekara, wanda babu tashar auna yanayi da ta rubuta shi a wannan gona tasa.

Yanayi ya canja, babu shakka. Bayanan da aka tara a Gadarif sun nuna zafi yana ƙaruwa, ruwan sama kuma ya zama mai yawan saɓani tsakanin wannan shekara da waccan, kuma farin 1984 da ambaliyar 2020 suna cikin abin da kowa yake tunawa. Sai dai duk wanda ya ɗora wa sama laifin dukan abin da ya sami Shawak ya wanke waɗanda bai kamata a wanke ba, domin mafi girman canjin da kogin ya gani hannun mutum ne ya kawo shi. A 1964 aka kammala madatsar Khashm al-Girba a ƙasan garin, don shayar da gonakin Sabuwar Halfa inda aka tsugunar da Nubawan da ruwan madatsar Aswan ya tasa daga Wadi Halfa, kuma tafkinta ya miƙo sama har kusa da Shawak. An gina ta ne don riƙe ruwa kubik mita biliyan 1.3, amma laka ta cinye wajen rabin wannan wuri, abin da ya sa ake buɗe ƙofofinta a tsakiyar damina don ruwa ya wanke lakar. Wannan wanki yana kashe kifi mai ɗimbin yawa a cikin 'yan kwanaki, saboda ruwan yakan yi kauri da taɓo har ya toshe wa kifin hanyar numfashi. A 2009 Habasha ta kammala madatsar Tekeze a kan Setit, wadda ta rage ƙarfin ambaliya ta kuma sa ruwa yana gudana har cikin rani. A 2017 aka ƙaddamar da tagwayen madatsun Rumela a kan Atbara da Burdana a kan Setit, masu ba da wutar lantarki megawat 320, 'yar tazara a saman garin, bayan an kwashe garin Wad al-Hilew da ƙauyukan bakin kogunan biyu zuwa sababbin matsugunai da aka raɗa wa suna da lamba. Ke nan tsayin ruwa a Shawak a yau yana bin hannun masu buɗe ƙofa da rufewa a sama da ƙasa, kuma mai lambun da ya shuka a gaɓa bisa lissafin mahaifinsa yana iya wayar gari ya tarar an sako ruwa a kan shukarsa.

A kan tudu ma haka abin yake. Noman tarakta da ruwan sama ya faro ne a Gadambaliya ta yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, aka kafa masa hukuma ta musamman a 1968, ana yanka wa masu hali gonaki na fadan 1,000 ko fiye, alhali fadan ɗaya ya ɗan haura kashi biyu cikin biyar na hekta. Dawa da riɗin da suka sa Gadarif ta zama rumbun Sudan a kan tsofaffin dazuzzukan ɗakwara da dushe aka noma su, da kuma kan makiyaya da burtalai. Doka ta share wa wannan hanya: dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, alhali kusan dukan gonakin gado da wuraren kiwo da juruf ba su da rajista, kuma a daidai wannan lokaci gwamnatin Numeiri ta rushe mulkin gargajiya na nazir da umda da shaihu, waɗanda su ne suke raba ƙasa da sasanta makiyayi da manomi. An dawo da sarautun daga baya, amma da ragaggen iko. Dokar daji ta wajabta wa mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na gonarsa ga itatuwa, an kuma shata layin da noman tarakta bai kamata ya ƙetare ba zuwa cikin makiyayar Butana, sai dai an daɗe ana kokawa a kan yadda ake take duka biyun. Dokar su a ruwan daɗi ta samo asali tun 1954, shekaru goma kafin madatsa ta farko a kan wannan kogi.

Inuwit mutane ne da suke zaune a Alaska da arewacin Kanada da Girinlan da gabashin Rasha, kuma a Kanada kaɗai ƙidayar 2021 ta same su kimanin 70,000. Rayuwarsu ta gargajiya farauta ce da su a kan teku mai daskarewa, inda ƙanƙara ita ce hanyar da ake bi zuwa wurin abinci, kuma yankin nasu yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun daga 1979. Abin da ya same su a 1977 ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar ne hukumar duniya mai kula da farautar manyan dabbobin teku ta hana mafarautan Alaska kama agvik, wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa da ƙauye guda yake ci daga namanta, bisa ƙiyasin masana cewa waɗanda suka rage ba su wuce 2,000 ba. Mafarautan suka ce ƙidayar ba daidai ba ce, domin masu ƙirga suna tsaye ne a bakin ƙanƙara suna lissafa abin da ya wuce ta gabansu, alhali dabbar tana bi ta ƙarƙashin ƙanƙara tana fasa ta don shan iska, wasu kuma suna wucewa can nesa da gaɓa. Ba su tsaya ga ƙorafi ba, suka kafa tasu hukumar a shekarar, ƙaramar hukumarsu kuma ta ɗauki masana aka zura na'urorin sauraro a cikin ruwa, inda aka ji kukan dabbobin da ido bai gani ba. Ƙidayar 2011 ta ba da kusan 17,000, adadin da wani ɓangarensa hayayyafa ce ta gaske, wani ɓangaren kuma gyaran kuskuren da dattawan mafarauta suka nuna tun farko.

A Kanada, yarjejeniyar ƙasa ta Nunavut da aka sa wa hannu a 1993, wadda ta haifar da yankin Nunavut a 1999, ta kafa majalisar kula da namun daji mai mutum tara, huɗu daga ƙungiyoyin Inuwit, huɗu daga gwamnati, sai shugaba da su takwas ɗin suke ba da sunansa. Majalisar ce take tsayar da yawan abin da za a kama a shekara, kowane gari kuma yana da ƙungiyar mafarauta da take raba kason tsakanin mutanenta. Minista yana da ikon ƙin amincewa, amma wajibi ne ya rubuta dalilinsa. Wannan tsari shi ake kira kulawar haɗin gwiwa, kuma bai kawar da saɓani ba: an hana farautar tuktu, wata dabbar dawa mai ƙaho mai rassa, a tsibirin Baffin a farkon 2015 bayan ƙidaya ta nuna ta yi ƙaranci ƙwarai, ana kuma yawan jayayya tsakanin mafarauta da masana a kan yawan wata farar dabba dangin beyar. Amfaninsa shi ne ya samar da wurin da doka ta tilasta a saurari shaidar mafarauci.

A kan wannan harsashi ne aikin matasa ya tsaya. Bayan hunturun 2010 ya zo da ɗumi a Nain, wani garin Inuwit, har bincike ya nuna mutum ɗaya cikin 12 na waɗanda aka tambaya ƙanƙara ta karye da shi, sai aka ƙirƙiro shirin SmartICE tare da jami'ar Memorial, inda 'yan gari suke jan na'urar auna kaurin ƙanƙara a kan abin ɗaukar kaya na gargajiya mai sulɓi a kan ƙanƙara, suna bin hanyoyin da dattawa suka zaɓa, matasa kuma suke harhaɗa wasu na'urorin a cikin garin. Shirin Ikaarvik da ya taso daga garin Pond Inlet ya tara matasa a 2018 suka tsara wa masu bincike ƙa'idojin shiga gari, tun daga neman yardar jama'a a kan tambayar da za a bincika har zuwa dawo musu da sakamako da harshensu. A ƙarshen 2019 aka fitar da manhajar waya ta SIKU, wadda mafarauci yake saka hoton ƙanƙara ko abin da ya tarar a cikin cikin dabbar da ya kama, tare da wuri da rana, kuma shi yake da iko a kan wanda zai gani. Ƙungiyar Inuwit ta ƙasa, Inuit Tapiriit Kanatami, ta fitar da manufar bincike a 2018 wadda ta sa mallakar bayanai cikin manyan buƙatunta, sannan ta fitar da ta sauyin yanayi a 2019. Dalilin da ya sa matasa suka zama ginshiƙi a fili yake, tunda kusan rabin mutanen Nunavut ba su haura shekara 25 ba, kuma su ne suke jin harshen kakanni da na makaranta. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma waɗannan shirye-shirye ba su ƙaryata maganar ba, domin a cikinsu dattijo ne yake nuna inda za a auna, yaro ya auna ya rubuta ta hanyar da majalisa za ta karɓa.

Idan aka dawo Gadarif, za a tarar rabin wannan aiki ya riga ya samu. Masu bincike a Jami'ar Gadarif, musamman Hussein Sulieman da abokan aikinsa, sun wallafa nazarce-nazarcen da suka haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da shaidar makiyaya, ciki har da taswirar hanyoyin Lahawin, makiyayan raƙuman da suke kai da kawowa tsakanin Butana da kogin Atbara, wadda ta nuna yadda gonaki suka matse musu hanya. Shirin raya Butana da asusun raya noma na duniya, IFAD, ya tallafa wa daga 2008 zuwa 2019 ya tura matasa masu digiri su zauna a ƙauyuka suna aiki da jama'a, ya kuma taimaka wa ƙauyuka su keɓe makiyayu da dazuzzuka na gari su tsara ƙa'idar amfani da su. Ƙwazon matasan Sudan wajen shirya kansu kuwa ba ya buƙatar shaida: sun farfaɗo da nafir, wato gayya, lokacin ambaliyar Khartum a 2013, sun kafa kwamitocin unguwanni a juyin juya halin 2018 da 2019, kuma ɗakunan agajin gaggawa da suka buɗe bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023 sun ciyar da jama'a a inda hukuma ta gaza.

Rabin da bai samu ba shi ne wurin kai shaidar. Hukumar madatsun ruwa ce take riƙe da ƙofofin kogi, hukumar daji ta ƙasa da aka kafa a 1989 ce take riƙe da gandun daji irin su Rawashda da ke tsakanin Gadarif da Shawak, ma'aikatar gona ta jiha ce take yanka gonaki, kuma babu wata majalisa a tsakaninsu mai kama da ta Nunavut, wadda masunci ko mai tsagar ƙaro yake da kujera a cikinta bisa doka, a kuma tilasta wa jami'i ya rubuta dalilinsa idan ya ƙi maganarsa. Ga Hausawa matsalar ta ƙara wani mataki, domin a tsarin gargajiya na Sudan iko a kan ƙasa yana bin dar, wato yankin da aka san wata ƙabila da shi ƙarƙashin nazirinta, kamar Shukuriyya a Butana da Dabaina a wajen Atbara, kuma jama'ar da aka ɗauka baƙi ce tana iya shekara ɗari tana noma gaɓa ba tare da muryarta ta kai sama ba. Rikicin jihar Bulu Nil na Yuli 2022, wanda ya taso a kan neman da Hausawa suka yi na samun masarauta a cikin mulkin gargajiya, ya ci rayuka fiye da 100, Hausawa kuma suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Shawak kanta. Wannan abin baƙin ciki ya nuna cewa kwafo tsarin Inuwit yadda yake zai zama ganganci, tunda nasu an gina shi ne a kan al'umma ɗaya da ta riga duk sauran mazauna zama a ƙasarta, alhali bakin Atbara wuri ne na al'ummu da yawa da suka zo a lokuta daban-daban, har da 'yan gudun hijirar Iritiriya da Habasha. Kujerar da ta dace da wurin ita ce wadda aka rataya a kan sana'a da amfani da ruwa ko daji, ta yadda masunci zai zauna a matsayin masunci ko da wane harshe yake yi a gida. Akwai kuma bambancin arziki, domin Kanada tana da kuɗin biyan matashi albashi don ya auna ƙanƙara, kuma aikin sa kai da babu lada ba ya daɗewa a hannun saurayin da yake neman abin aure.

Duk da haka, abin da ake buƙata don farawa bai kai na yankin ƙanƙara tsada ba. Sanda mai alamomi da aka kafa a gaɓa ana karanta ta kullum da safe, da mazubin auna ruwan sama a harabar makaranta, da littafin da ake rubuta nau'in kifi da girmansa a wurin da jirage suke sauke kamu, da ranar da ganyen ɗakwara ya soma zuba a kowace shekara, da faɗin burtali da aka auna da wayar hannu, duk ayyuka ne da ɗalibin sakandare zai iya idan mahaifinsa ko kawunsa ya nuna masa wurin da ya dace. Sharaɗin da ya kamata a koya daga Inuwit shi ne littafin ya zauna a hannun ƙungiyar masu sana'ar, jami'a ko ƙungiyar agaji ta nemi izini kafin ta kwafa, domin taswirar da ta nuna inda kifi yake taruwa ko inda ciyawa ta fi kyau tana iya zama jagora ga mai neman ƙwace wurin.

Yaƙi ya ƙara wa wannan aiki gaggawa. Ma'aikatun tarayya da ke Khartum sun watse a 2023 da yawansu sun koma Bur Sudan, faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 ta kwararo da ɗimbin masu gudun hijira zuwa jihar Gadarif, buƙatar itacen girki da gawayi kuma ta ƙaru a kan ragowar dazuzzukan dushe. Shekarun da hukuma ba ta auna ba, waɗanda suke bakin kogi ne kaɗai suke iya cike gurbinsu. Duk ranar da aka zauna sake tsara dokokin ƙasa da ruwa, batutuwan da za su taso a Fashaga sanannu ne tun yanzu: sanar da masu juruf da masunta kafin a sako ruwa daga Rumela da Burdana ko a buɗe Khashm al-Girba don wankin laka, da mayar da burtalai faɗinsu, da tilasta kashi 10 cikin 100 na itatuwa a manyan gonaki, da amincewa da haƙƙin wanda ya gaji gaɓa ba tare da takarda ba.